A rubuta sunan mai alewar a jikin ledarta

Da wuya a sami ɗan tireda a Kano ko Gusau da ba shi da TomTom da Buttermint a kan teburinsa, kuma yawancin masu saye alewar gida suka ɗauke su. Akwai gaskiya a cikin haka, domin a Legas ake yin su, TomTom kuwa tun 1970 take kasuwa. Sai dai fiye da kashi 70 cikin ɗari na hannun jarin Cadbury Nigeria, kamfanin da ke yin su, mallakar Mondelez International ne, kamfanin Amurka da ke da hedkwata a Chicago. An kafa Cadbury a Birmingham ta Ingila a 1824, Kraft ya saye shi a 2010 kan kusan fam biliyan 11 da rabi, sannan a 2012 Kraft ya rabu biyu, ɓangaren kayan ƙwalam ya koma Mondelez. Duk wannan sauyin hannu, sunan da ke gaban leda yana nan yadda yake. Haka Nestlé ya mallaki KitKat da ya sayi Rowntree a 1988, Mars ya haɗiye Wrigley mai cingam a 2008, Alpenliebe da Mentos da Chupa Chups kuma duk na Perfetti Van Melle ne. Sunaye rututu a kanti, masu su ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Don haka nake ganin ya kamata doka ta tilasta a rubuta sunan ainihin uwar kamfani ɓaro-ɓaro a gaban kowace leda.

Dalili shi ne an daɗe ana ce wa mai saye gyara yana hannunsa, ya sayi na masu adalci ya bar na azzalumai, alhali an hana shi abin da zai tantance su da shi. Dubi koko, wanda da shi ake cakulan da Bournvita da Milo. Kodebuwa da Ghana ne ke noma kusan kashi 60 cikin ɗari na kokon duniya. A 2001 manyan kamfanonin cakulan suka sa hannu a yarjejeniyar Harkin da Engel, suka yi alkawarin kawar da mafi munin aikin ƙarfi da ake sa yara zuwa 2005. Aka ɗaga wa'adin zuwa 2008, aka sake ɗagawa, aka sake. A 2020 cibiyar bincike ta NORC ta Jami'ar Chicago ta ƙiyasta cewa yara kusan miliyan ɗaya da rabi na aikin da bai dace da shekarunsu ba a gonakin kokon ƙasashen biyu. Da wasu 'yan Mali shida suka kai ƙarar Nestlé da Cargill, suna cewa an bautar da su a gonakin Kodebuwa suna yara, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 2021 cewa ba za su iya ci gaba da ƙarar yadda suka shigar da ita ba, tun da a waje abin ya faru. To wanda ya ji wannan ransa ya ɓaci, me zai saya? A Birtaniya mutane da yawa sun koma Green & Black's, wanda ya yi suna da biyan manoma farashin adalci tun 1994. Cadbury ya saye shi a 2005, yau kuma na Mondelez ne. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, ba tare da an ma sani ba.

Za a ce ai babu abin da aka ɓoye, komai na cikin rahoton shekara da ake miƙa wa kasuwar hannayen jari, wani lokaci ma sunan yana bayan kwali. Haka ne, amma uwar da ta miƙa naira ɗari a ba ɗanta minti ba rahoton shekara za ta karanta ba, kuma alewar da ake sayarwa ɗai-ɗai ta rabu da kwalinta tun a wurin dila. Kamfanin da ya kashe biliyoyi ya sayi tsohon suna, amincewar jama'a da sunan ya saya, shi ya sa ba ya son a riƙa tuna cewa hannu ya canja. Za a kuma ce sanin mai kaya ba ya canja komai. Abin da ya faru a Norway da Sweden a 2023 ya ƙaryata hakan. Da hukumar yaƙi da cin hanci ta Ukraine ta sa Mondelez a jerin masu tallafa wa yaƙi saboda bai bar Rasha ba, mutane da yawa a ƙasashen biyu suka farga cewa Freia da Marabou, cakulan da suka tashi da su a matsayin na gida, nasa ne. Kamfanin jiragen sama na SAS da wasu otal-otal suka daina sayen su. Ko mutum ya yarda da wannan ƙauracewar ko bai yarda ba, sai da aka san mai kayan aka iya yin ta.

Suka mafi nauyi ita ce ta ma'aikata. Idan aka ƙaurace wa TomTom, mai hannun jari a Chicago ba zai ji a jikinsa ba kafin leburan masana'anta a Ikeja, da direban mota, da dilan kasuwar Singa. Wannan gaskiya ce, shi ya sa ban kira kowa ya ƙaurace wa kowa ba. Amma rashin sani ba ya kare ma'aikaci, yana ma jefa shi cikin haɗari. Tun ƙarshen 2023 da yaƙin Gaza ya ɓarke, jerin sunayen kayan da ake cewa a daina saye ke yawo a WhatsApp, gaskiya da ƙarya a cakuɗe, ba mai hanyar tantancewa. Inda bayani ya yi ƙaranci, jita-jita ce ke yanke hukunci, kuma ba ta bambance mai laifi da wanda sunansa ya yi kama da na mai laifi. Sunan uwar kamfani ba zai faɗa maka gonar da aka tsinko kokon ba, na yarda, amma zai nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa ka yi tambaya.

Aikin ba mai tsada ba ne. Dokar kamfanonin Najeriya ta 2020 ta riga ta wajabta bayyana masu ainihin iko da kamfani, kuma a 2023 hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta buɗe rajistarsu ga jama'a. NAFDAC kuwa ita ke tsara abin da za a rubuta a jikin kayan abinci, daga lambar rajista zuwa ranar lalacewa. Abin da ya rage shi ne a haɗa biyun: layi ɗaya a gaban leda, da haruffan da ido zai iya karantawa, a kan kwali da kuma kan ƙwayar alewa guda, a sabunta shi cikin wa'adin da doka za ta ƙayyade duk lokacin da aka sayar da kamfanin.