Kafin a fasa Imuraren, wa ya auna na'urar da za mu yi awo da ita?

Tun da gwamnati ta karɓe lasisin Imuraren daga hannun kamfanin Orano a watan Yunin 2024, hira ɗaya ake yi a fada da bakin kasuwa: wa za a ba wurin, nawa ƙasa za ta samu, yaranmu nawa za a ɗauka aiki. Duk tambayoyi ne masu kyau. Amma mu akwai wadda ta fi tsaya mana a rai. Ranar da aka fara haƙa gadan-gadan, da me za mu san cewa ƙasar da muke takawa ta canza? Shi tururin iraniyom ba ya wari, ba ya da launi, ba ya ƙuna a jiki. Na'ura kaɗai ke ganinsa, kuma wanda ke riƙe da na'ura shi ke da bakin magana.

Mu a Arlit mun ga wannan da idonmu. SOMAIR ta fara fitar da iraniyom a 1971, COMINAK ta biyo a 1978, aka shekara talatin alƙaluman awo suna hannun masu haƙar. Sai a watan Disamban 2003 ƙungiyar Aghir In'man ta Almoustapha Alhacen ta gayyato masana daga CRIIRAD ta Faransa, da Bruno Chareyron a cikinsu. A filin jirgin Yamai aka riƙe musu kayan awo. Duk da haka suka iso, suka tarar da ƙarafa masu tururi daga ma'adinan a hannun masu sayar da ƙarfe. A 2007 awon da aka yi kan hanya gaban asibitin COMINAK a Akokan ya ninka na ƙa'ida har wajen sau 100, saboda an yi ciko da duwatsun da aka fitar daga rami. A watan Nuwamban 2009 Greenpeace ta zo ta samu wani wuri a titunan Akokan da ya ninka kusan sau 500. An zo an kwashe wasu wuraren daga baya, amma ai sai da lamba ta fito tukuna.

To yau lamarin ya sauya. Na'urar Gaiga da a da sai Bature ya ɗauko ta cikin jaka, yanzu ana sayar da ƙanananta a kasuwannin intanet da kuɗin da bai kai na salula mai kyau ba. Mun yi murna da haka. Sai dai mun ji tsoro kuma, don in saurayi ya ɗora na'urarsa kan tukunya ya ga lamba ta tashi, ya ɗauki hoto ya watsa a WhatsApp cewa unguwa kaza ta mutu, rannan injiniya ya zo da tasa na'urar mai takardar shaida ya nuna ba haka ba ne, to an gama da mu. Gobe ko gaskiya muka faɗa za a ce ai su ne na rannan. Ita ma na'urar da ke nuna lafiya lau alhali ta lalace, haɗarinta ya fi, don ita barci take sa mutum.

Mai hatsi ba ya yarda da tiyar da bai sani ba sai ya gwada ta da tasa. Haka za mu yi wa wannan.

Abin da ke cikinta ba sihiri ba ne. Ƴar kwalba ce mai iska a ciki, an ɗora mata wuta wajen bolt 400. Duk sanda ƙwayar tururi ta ratsa ta sai ta yi ƙas, na'urar ta ƙirga. Lambar da kake gani a fuska, mikirosibat a awa, lissafi ne kawai da aka yi daga wannan ƙirgar. A wurin da babu komai, yawanci lambar tana yawo tsakanin 0.10 da 0.20. Wadda ta tsaya a sifiri ba motsi, ba albishir take yi maka ba, ta mutu ne, don babu inda tururi ya zama sifiri a bayan ƙasa.

Ƙirgar kuma ba ta zuwa a jere kamar bugun agogo. In kwalbar tana ba da 20 a minti, wani mintin za ka ga 15, wani 25, kuma duk daidai ne. Mutane da yawa nan suke ruɗewa, su ga lamba ta yi tsalle na daƙiƙa biyar su ce sun kama abu. A'a. Ajiye ta minti goma cur ka ɗauki jimla, ka sake, sannan ka je wurin da kake zargi ka yi minti goma. In bambancin bai fito fili ba, ba ka da labari.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu mutanen hamada musamman. Wasu daga cikin masu arahar kwalbarsu ta gilashi ce, kuma wasunsu hasken rana kansa yana sa su ƙirga. Ka tuna irin ranar Arlit a watan Mayu. Gwajin mai sauƙi ne: auna a fili, sannan ka sa ta cikin baƙar leda ka sake aunawa a wuri guda. Leda ba ta tare tururin gama. In lambar ta faɗi warwas, rana kake aunawa tun ɗazu. Ledar ma tana da wani amfani, tana hana ƙura shiga, don in ƙurar wurin haƙa ta maƙale cikin na'ura, duk inda ka kai ta sai ta riƙa nuna maka ƙurar da ta ɗauko. Kada kuma a bar ta kan gaban mota, kuma batir in ya fara sanyi a canza shi kafin a fita awo.

Ku kuma masu gyaran rediyo da salula, ga taku, don wurinku za a kawo su in sun ƙi aiki. Za ka ɗora miltimita kan wutar kwalbar ka ga ba ta kai 400 ba, ta yi ƙasa sosai, sai hannunka ya tafi wajen murɗa wuta sama. Tsaya. Wutar nan ƙarfinta kaɗan ne ƙwarai, miltimitar taka ce ke shanye ta. Mai kyau tana da mega'om 10 a ciki, ƴar ƙaramar nan mai araha mega'om 1 kacal. In ka ƙara wuta bisa wannan awo, kwalbar za ta shiga kuka ba tsayawa, daga nan ta tashi aiki. Dabarar ita ce a jera rezista mai mega'om 1000 da miltimita mai mega'om 10, abin da ta nuna a ninka shi sau ɗari. Ita miltimitar ma a duba batirinta, don masu arahar in batir ya yi sanyi sukan ƙara lamba. Kuma a sauke wutar da ta rage a ciki kafin a sa yatsa, tana cizo.

Ko na'urar tana lafiya ƙalau, akwai abin da ba aikinta ba ne, kuma gara mu faɗa wa juna gaskiya. Ba ta auna iskar radon da ke taruwa a ɗaki, wannan kayan awonsa daban ne. Ba za ta gaya maka ko ruwan rijiya yana da iraniyom ba. Sanda Greenpeace ta samu huɗu cikin samfurin ruwa biyar sun wuce ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, a ɗakin bincike aka gano haka, ba da ɗora Gaiga kan jarka ba. Sannan yawancinsu da siziyom 137 aka daidaita su a masana'anta, don haka in ka manna ta jikin dutsen iraniyom lambar na iya zarce gaskiya. Shi ya sa ake auna biyu: ɗaya a jikin abin, ɗaya a tsayin mita guda daga ƙasa, a rubuta kowanne da rana da wuri da sunan na'ura.

Kada wani ya ce ai ƙananan lambobi ne. Ƙa'idar duniya ga mutumin da ba ma'aikacin ma'adini ba ita ce milisibat 1 a shekara bisa abin da ƙasa ke bayarwa da kanta. In wani bututu da aka yi rufin ɗaki da shi ya ƙara 0.3 kacal a awa, mutum yana kwana yana wuni a ciki awa goma kullum, kafin shekara ta zagayo ya wuce ƙa'idar. Yara kuwa sun fi awa goma a ɗaki.

Yanzu mu koma Imuraren, kilomita wajen 80 kudu da Arlit. Tun 1966 aka gano arzikin wurin, an ba da lasisi a 2009 da niyyar fitar da tan 5,000 a shekara, aka dakatar da aiki a 2014 ba a fitar da ko tan ɗaya zuwa kasuwa ba. Dutsen wurin iraniyom ɗinsa kaɗan ne, wajen kilo guda ko ƙasa da haka a cikin tan, ma'ana tulin da za a bari zai yi yawa. COMINAK da aka rufe ranar 31 ga Maris 2021 ta bar mana kusan tan miliyan 20 a bayan Akokan. A Arlit ba mu da awonmu na kanmu na kafin 1971, shi ya sa duk gardama sai a ce mana ai ƙasar dama haka Allah ya yi ta. A Imuraren har yanzu akwai sauran dama. A auna bakin rijiyoyin makiyaya, da masaukansu, da gefen hanyar Agadas, yanzu, a rubuta a ajiye kofi a hannun hakimai da magajin gari da ƙungiyoyin farar hula.

Amma wannan awon ba zai tsaya gaban kowa ba sai an san na'urorin daidai suke. Hukumar ARSN mai sa ido kan harkar nukiliya tana Yamai, Cibiyar Radiyo-Izotop ta Jami'ar Abdou Moumouni ma tana Yamai, tafiyar sama da kilomita dubu daga inda iraniyom ɗin yake. Roƙonmu gare su bai da yawa: ko sau ɗaya a shekara su zo Agadas da na'urarsu ta ƙa'ida, a makarantar EMAIR ko a jami'a, duk mai Gaiga ya kawo tasa a jera su wuri guda a gwada, mai kyau a ba ta takarda, marar kyau a gaya wa mai ita. Kafin su amsa, masu na'urori a Arlit da Akokan su zaɓi fili ɗaya da rana ɗaya a wata su haɗu, kowa ya zo da tasa da littafin rubutu da baƙar leda.