A Duba Cikin Mota Kafin a Duba Fentinta

Jama'ar kasuwa, da dillalan mota musamman, yau maganarmu a kan tazarar da ke tsakanin cikin mota da ƙasa ce. Mai saye yakan zagaya mota sau uku, ya shafa fenti, ya murɗa rediyo, ya tambayi shan mai, amma da wuya ka ga ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta. To, a Birnin Kudu da Gwaram can ƙarƙashin nan kuɗinsa suke zubewa.

Ɗauki Toyota Camry ta 2018. Tazararta da ƙasa wajen santimita 14 da rabi ce, bai kai taƙi ɗaya ba. Kuma wannan awo na mota ba kaya ne. Zuba mata mutum huɗu, ka ɗora buhu biyu na gero a but, kilo ɗari-ɗari, sai ka ga bayanta ya zauna. A kan kwalta ba laifi. Amma wa yake cin kasuwa a kan kwalta kaɗai? Mai zuwa kasuwar Sara sayen hatsi, ko mai bin ƙauyuka neman riɗi, dole ya sauka burji, inda manyan motoci suka haƙa rami biyu suka bar tudu a tsakiya. Tudun nan shi ke cire salansa. In ya bugi kaskon man inji ya tsage, mai ya tsiyaye direba bai ankara ba, inji ya tafi. Da damina abin ya fi muni, don ruwa ya rufe ramin, ba ka san zurfinsa ba. Ko a cikin gari ma, tudun rage gudu yana kankare ta.

Dattawa sun san dalilin da ya sa Fijo 504 ta yi sarauta. An fara haɗa Fijo a Kaduna a 1975, shekarar da 504 ta ci tseren Safari a Kenya, kuma an yi shekara wajen talatin ana haɗa ta a nan. Sifirin ɗinta dogo ne, tana ɗaukar kaya ba ta ja ciki ba. Motocin Kwatano da muke saye yanzu don titin Turai da Amurka aka yi su.

Wasu sukan kai wa makanike ya ɗaga motar da ƙarin roba a kan sifirin. Ni dai ban yarda da wannan ba in ya wuce kima: shaf yana wahala, mota ta riƙa tangaɗi a kwana. Gara a sake shokozoba da sifirin da suka mutu, sau da yawa su ne suka zaunar da ita.

Dillali, faɗa wa mai saye gaskiya tun kafin la'ada. Kai kuma mai saye, zo da mutanenka da buhunka ranar gwaji, a loda ta, sannan ka sa igiyar awo daga ƙasa zuwa salansa.