Karatun wasanni bayan BAC: ina wannan hanya take kai matasan Nijar?

Duk shekara da sakamakon jarrabawar BAC ya fito, zancen da ake yi a gidaje daga Maraɗi zuwa Damagaram, Tawa da Yamai kusan ɗaya ne: likitanci, shari'a, tattalin arziki ko aikin injiniya. Yaron da ya ce shi fannin wasanni zai karanta, da wuya iyaye su saurare shi har ya gama magana. Ita kanta kalmar tana yi masa illa, domin a bakin Bahaushe abin da aka kira wasa ba abin dogaro ba ne. Sai dai ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, kuma take gwada ɗalibai a motsa jiki a jarrabawar BEPC da ta BAC, tana da buƙatar mutanen da suka karanci wannan fanni. Abin da ya kamata ɗalibi ya sani kafin ya ajiye takardunsa shi ne me ake koyarwa, kuma wa zai ɗauke shi aiki idan ya gama.

Abin da ake karantawa

Babbar ƙofa a cikin gida ita ce INJS, cibiyar horar da ma'aikatan matasa da wasanni da ke Yamai. Daga nan ne malaman motsa jiki na kwaleji da lise suke fitowa, tare da jami'an da ke riƙe da ofisoshin matasa da wasanni a jihohi. Da yawa daga cikin matasa suna zaton iya ƙwallo ko gudu ya isa a ci nasara a wannan karatu. Wanda ya shiga da wannan tunani yakan sha mamaki, domin akwai ilimin sassan jikin ɗan Adam, yadda zuciya da huhu da tsoka suke aiki lokacin wahala, ilimin halayyar yara, dabarun koyarwa, dokokin wasanni da tafiyar da ƙungiya. Ɗalibin da ya tsani darasin kimiyyar halittu a lise zai sake cin karo da shi a nan.

A ƙasashen da fannin ya bunƙasa, ya rabu gida-gida. A Faransa misali, digirin da ake kira STAPS yana da rassa 5: koyarwa a makaranta, horar da ƴan wasa, gudanar da harkar wasanni, motsa jiki don marasa lafiya da naƙasassu, sai kuma tsara kayan wasa daidai da jikin mutum. A Nijar, reshen koyarwa ne ya fi kowanne tsayawa da ƙafarsa, saboda shi kaɗai ne yake da mai ɗaukar aiki na dindindin, wato gwamnati.

Wa yake ɗaukar aiki?

Wanda ya fito malamin motsa jiki hanyarsa sananniya ce, irin ta sauran malamai: bautar ƙasa, kwantaragi, sannan jiran ranar da za a saka shi cikin cikakkun ma'aikatan gwamnati. Jiran yakan yi tsawo, albashin kwantaragi kuma ba ya riƙe gida a birni. Duk da haka ita ce hanyar da ta fi tabbas, kuma makarantu masu zaman kansu da suke ƙaruwa a manyan birane sun buɗe wata ƴar ƙofa ta biyu.

Ɓangaren ƙwallon ƙafa kuwa, duba sunayen ƙungiyoyin da suka fi ƙarfi a gasar ƙasa ya isa a gane yanayin kasuwar: AS FAN ta sojoji, AS GNN ta dogarawan ƙasa, USGN ta jandarmomi, AS Douanes ta kwastan, AS Police, Nigelec. Kusan dukansu ƴaƴan wata hukuma ne ko kamfanin gwamnati, kuma a Yamai suke. Ƙungiyoyin jihohi suna rayuwa ne da taimakon attajirai da magoya baya, kuɗin da ake samu a ƙofar fili ba ya biyan ƴan wasa, balle a yi maganar ɗaukar mai kula da lafiyar jiki ko mai nazarin bidiyon wasa. Wannan ne dalilin da ya sa mai digiri a horar da ƴan wasa sau da yawa yake komawa aji da safe, da yamma ya je fili a matsayin aikin sa-kai.

Akwai kuma abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba sai sun gama: digirin jami'a ba ya zaunar da mutum a kan bencin ƙungiya. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, tana da nata lasisi hawa-hawa, daga D zuwa C, B, A har zuwa Pro, kuma ta hannun hukumar ƙasa, FENIFOOT, ake bi a same su. Mai son zama koci dole ya haɗa biyun, digiri don ilimi da tsaron gaba, lasisi don izinin aiki.

Tarihin Mena ya nuna cewa ɗan ƙasa yana iyawa, ya kuma nuna yadda ake saurin juya masa baya. Harouna Doula ne ya kai Nijar gasar cin kofin Afirka karo na farko, ta 2012, har CAF ta zaɓe shi gwarzon koci na 2011. Amma ana zuwa gasar aka jingina masa Bafaranshe Rolland Courbis. Daga baya an ga Gernot Rohr, François Zahoui, Jean-Michel Cavalli da Badou Zaki, duk daga waje. A 2017 kuwa, koci ɗan ƙasa ne ya kai ƴan ƙasa da shekara 17 gasar duniya a Indiya, suka kuma tsallake zagayen rukuni. Matashin da yake tunanin kashe shekaru a wannan karatu yana kallon duk waɗannan abubuwa.

Guraben da ba a cike ba

Idan aka bar batun koci, akwai wuraren da ƙarancin ƙwararru yake fitowa fili. Na farko shi ne lafiya. Kokowar gargajiya, wadda aka fara gasarta ta ƙasa a Tawa a 1975, tana tara ƴan kokowa 80 daga jihohi 8 don neman takobi, kuma babu wasan da ya kai ta jan jama'a a ƙasar. Mutum mai nauyin kilo 90 ko 100 da ya faɗi a kan kafaɗa ko ya murɗe gwiwa yana buƙatar likitan wasanni da mai gyaran gaɓoɓi na asibiti, kafin gasa da bayanta. Wanda ya karanci likitanci a Yamai, Maraɗi ko Damagaram ya ƙara da ƙwarewa a wannan ɓangare, ko wanda ya karanci gyaran gaɓoɓi, yana da wata fa'ida babba: ko babu ƙungiyar da ta ɗauke shi, waɗanda suka yi haɗarin babur da masu shanyewar ɓarin jiki suna jiransa a asibiti. A cikin duk sana'o'in da ke kewaye da wasanni, wannan ce ta fi ƙarancin haɗarin zaman kashe wando.

Na biyu shi ne kula da filaye. Nijar ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a Disamban 2005, gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 17 a 2015, da ta ƴan ƙasa da shekara 20 a 2019 wadda aka buga a Yamai da Maraɗi. Duk da haka, a ƴan shekarun nan Mena ta buga wasanninta na gida a Kotonu da Marrakech saboda filin Janar Seyni Kountché bai cika sharuɗɗan CAF ba. Gina fili aikin shekara biyu ne ko uku, riƙe shi kuwa aikin kullum ne: ciyawa, fitilu, tsaron ƴan kallo, sayar da tikiti, neman masu talla. Kowanne daga cikin waɗannan sana'a ce da ake koyo, kuma duk wasan da aka kai waje kuɗi ne da aiki da suka bar ƙasar.

Na uku shi ne aikin jarida. A Yamai akwai makarantar da take horar da ƴan jarida, kuma wanda ya iya sharhin kokowa ko ƙwallo da Hausa ko Zabarmanci yana da masu sauraro a rediyo, Facebook da TikTok, ciki har da ƴan Nijar da ke Libiya, Aljeriya, Gana da Turai.

Karatu a waje

Mai neman zurfafa karatu yana da zaɓi a maƙwabta: INSEPS a Dakar, INJEPS a Porto-Novo, INJS a Abidjan da Yawunde. Ga ɗan Maraɗi ko Damagaram, jami'ar Bayero ta Kano da ta Ahmadu Bello da ke Zariya sun fi Dakar kusa nesa ba kusa ba, kuma suna da sassan ilimin motsa jiki, sai dai da Turancin Ingilishi ake karatun. Siyasa ma ta shiga lissafin. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 iyakar Benin ta zama matsala, ofishin jakadancin Faransa a Yamai kuma ya rufe a farkon 2024, abin da ya sa neman bizar karatu ya ƙara wuya da tsada. Maroko da Aljeriya, inda ɗaliban Nijar suka saba zuwa da tallafin karatu, sun ƙara muhimmanci. Ko ina ɗalibi zai je, ya kamata ya tabbatar tun kafin ya biya kuɗi cewa za a amince da takardar idan ya dawo gida.

Ga waɗanda suke zaune a Turai kuwa, ƙwarewa a fili kaɗai ba ta ba da izinin aiki. A Faransa doka ta hana mutum karɓar kuɗi don horar da wasu sai da takardar shaidar da aka amince da ita da katin sana'a. Tsohon ɗan wasan da ya ƙi komawa aji yakan ƙare a aikin gadi ko ɗaukar kaya.

Abin da ya rage ga hukumomi

Lambobin Olimpik biyu Nijar take da su. Issaka Daboré ya samo tagulla a dambe a Munich a 1972, Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya samo azurfa a taekwondo a Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. Shekara 44 ne tsakanin lambobin biyu, kuma a Jamus Alfaga ya yi horon da ya kai shi wannan matsayi. Hazaƙar daga gida take, amma masu goge ta a waje aka same su.

Gyaran bai fi ƙarfin ƙasar ba. Ana iya wajabta wa ƙungiyoyin rukunin farko da tawagogin kokowa na jihohi su ɗauki ma'aikacin lafiya da mai horar da jiki masu takarda, da kwantaragi a rubuce. Ana iya haɗa karatun INJS da lasisin hukumomin wasanni, yadda ɗalibi zai fito da duka biyun a hannu. Jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa suna iya buɗe rassan da Yamai kaɗai ba za ta iya ɗauka ba. Shugaban FENIFOOT na lokacin, Djibrilla Hima Hamidou, ya shiga majalisar zartarwar FIFA a Maris ɗin 2025, kujerar da za a iya amfani da ita wajen jawo kwasa-kwasai da guraben horo ga matasa.

Kafin a kai can, lissafin da ya fi dacewa ga ɗalibin da ya ci BAC bana shi ne ya zaɓi karatun da zai ciyar da shi ko da babu ƙungiyar da ta kira shi, wato koyarwa, lafiya, gudanarwa ko jarida, sannan ya ɗora lasisin wasanni a kai tun yana makaranta.