Iskar Arlit ta zama amana a wuyan gwamnati

A watan Yuni na 2025 gwamnatin Nijar ta mayar da kamfanin SOMAÏR na Arlit mallakar ƙasa. An sha maganar ƴancin kai da ta farashin uraniyom, amma kaɗan ne suka tuna da wani gadon da ya zo tare da ma'adinin, wato iskar da ma'aikata da iyalansu suke shaƙa. To, kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

A Arlit, inda aka fara fitar da uraniyom a 1971, ana raba shi da dutse ne da asid na farar wuta, wanda makanikai suka sani da sunan ruwan batir. Manyan motoci ne ke kawo farar wutar daga bakin teku, a ƙona ta a masana'anta, a mayar da ita asid. Duk abin da ya kuɓuce ta bututu, hayaƙin farar wuta ko tururin asid, yana cin kwanon rufi da ƙarfen injin, yana ƙona ido da maƙogwaro, yana kuma tayar wa masu asma ciwonsu.

Maganin wannan ba sabo ba ne: hasumiyar wanke hayaƙi. Ana tura hayaƙin daga ƙasanta, ana feso masa ruwa mai soda ko farar ƙasa daga sama. Cikinta an cika shi da ƙananan zobba domin ruwa da hayaƙi su daɗe suna cuɗanya, soda ta kashe kaifin asid, ya koma gishiri a cikin ruwan, sannan wata raga ta tare ɗigon da ya rage kafin iska ta fita. Hasumiyar da ake kula da ita tana kama fiye da kashi 90 cikin 100 na hayaƙin.

Sai dai sayen na'ura daban, tafiyar da ita daban. Famfo ya tsaya, ko soda ta ƙare ba a ƙara ba, hasumiya ta zama tulun banza, alhali mai wucewa ba zai ga bambanci ba. A daren 2 zuwa 3 ga Disamba 1984, lokacin da iskar guba ta tsere daga masana'antar Union Carbide a Bhopal ta ƙasar Indiya, hasumiyar wanke hayaƙinta ba ta kan aiki, dubban mutane kuma suka halaka. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A Nijar hatsarin yankewar kaya ba zato ba ne. A 2023, bayan rufe iyaka da Benin, SOMAÏR ya dakatar da sarrafa ma'adini saboda ƙarancin sinadarai. Ranar da kaya suka yi wuya, abin da ba ya kawo riba shi ake fara yi wa rowa. Ga kuma batun ruwa: a hamadar da ke dogaro da ruwan ƙarƙashin ƙasa, gurɓataccen ruwan da ya fito daga hasumiya, in ba a tace shi ba, guba ce aka sauya wa hanya daga iska zuwa rijiya.

Doka kuwa tana nan: mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamba 1998 kan kula da muhalli, da hukumar BNEE mai tantance illar ayyuka. Amma yanzu gwamnati ce mai masana'anta, ita ce kuma mai bincike. Domin haka wajibi ne a riƙa auna hayaƙin kowane bututu, a buga sakamakon ga jama'a, a ba masu bincike ikon shiga ba tare da sanarwa ba, a kuma tanadi sodar watanni. Ƙa'idar ta hau kan SONICHAR mai ƙona gawayin ƙasa a Anu Araren, da matatar SORAZ ta Damagaram.

A da, in an yi kuka, ana nuna Faransa da yatsa. Daga yanzu, amsar tana Yamai.