MOTAR LANTARKI DA TA FETUR: DA WANE MUDU AKE AUNA MANA?



Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, maganar motar lantarki ta shigo bakin jama'a, har ta kai ana yawo da wasu alƙaluma a wayoyi wai mota kaza tana yin mil 99 ko mil 120 da galan guda. Duk mai hankali zai tsaya ya yi tambaya: motar da ba ta da tanki, ba ta shan ko ɗigon mai, ina ta samo galan? Abin da nake so mu tattauna ke nan a yau, domin ni a ganina wannan awo bugaggen mudu ne, kuma mu da muka taso a cikin kasuwa bai kamata a yi mana wannan wayon ba.

Asalin abin daga Amurka yake. Bayan da Larabawa suka hana su mai a 1973, sai majalisarsu ta yi doka a 1975, wadda ta kafa tsarin da ake kira CAFE, ta tilasta wa kowane kamfanin mota ya tabbatar cewa idan aka haɗa motocin da ya sayar a shekara aka fitar da matsakaici, shan mansu bai wuce iyaka ba, in ya wuce a ci shi tara. Ma'aunin shi ne mil nawa mota ke tafiya da galan guda, galan ɗinsu kuwa lita 3.8 ne. Da motocin lantarki suka shigo sai aka rasa yadda za a saka su a wannan ma'auni. A watan Agustan 2009 kamfanin General Motors ya shelanta cewa motarsa Chevrolet Volt za ta yi mil 230 da galan guda a cikin gari, kamfanin Nissan kuma ya ce tasa motar, Leaf, mil 367 za ta yi. Kowa da nasa mudun.

A ƙarshen 2010 hukumar kare muhalli ta Amurka, wato EPA, ta fito da ma'aunin da ta kira MPGe. Lissafinta shi ne, zafin da ke cikin galan guda na fetur daidai yake da yunit 33.7 na wutar lantarki, irin yunit ɗin nan da muke saye a mita. Don haka duk nisan da mota ta yi da yunit 33.7, shi za a rubuta mata a matsayin tafiyar galan guda. Da wannan lissafi Leaf ta sauko daga 367 zuwa 99, Volt kuma ta samu 93 idan tana kan batir, 37 idan ta koma kan fetur.

To jama'a ga inda gizo ke saƙar. Wannan lissafi daga bakin soket yake farawa, kamar dai wutar daga sama take faɗowa. Ba ya ƙidaya gas ko kwal ɗin da aka ƙona a tashar wuta, alhali a irin tsofaffin tashoshin nan wajen kashi biyu cikin uku na zafin tafiya yake yi a banza ta bututun hayaƙi da ruwan sanyaya inji. Ba ya ƙidaya abin da ke zubewa a kan wayoyi kafin wutar ta iso gida. Ita motar fetur tana ƙona manta a cikin cikinta, don haka duk asararta a kanta ake rubutawa. Ita kuwa ta lantarki an ƙona mata nata a wani gari mai nisa, sai aka ce ba ruwanta. Wannan kamar a gwada nauyin shinkafa shanshera da gyararriya ne, a ce wai gonar mai gyararriya ba ta fitar da ɓuntu.

Kada wani ya ce ni na ƙirƙiro wannan. Ma'aikatar makamashi ta Amurka da kanta ta yi cikakken lissafin a shekarar 2000. Ta cire asarar tasha, ta cire asarar waya, ta kuma yi adalci ta cire wa fetur asarar matata da dakonsa, sai ta samu cewa galan guda daidai yake da yunit 12.3. Amma maimakon ta tsaya a nan, sai ta raba wannan adadi da 0.15, wato ta ninka shi kusan sau bakwai, ya koma yunit 82. Wannan 0.15 ɗin an aro shi ne daga wata doka ta 1988 da aka yi domin motoci masu amfani da man da ake haɗawa da giyar masara da makamantansa, ba shi da wata alaƙa da yadda batir ke aiki. Toshiya ce kawai aka ba kamfanoni don su yarda su ƙera motocin lantarki.

Yanzu ku duba mota guda, Leaf ɗin nan ta farko, mai cin yunit 34 a mil 100. Da mudun yunit 12.3 tana yin kimanin mil 36 a galan. Da mudun takardar da ake liƙawa a gilashi tana yin 99. Da mudun yunit 82 da aka riƙa auna kamfanoni da shi, ta haura mil 240. Mota ɗaya, awo uku! Don Allah in ɗan kasuwa ya zo Mile 12 da mudu uku, ɗaya na saye, ɗaya na sayarwa, ɗaya na nuna wa hukuma, wane suna za mu kira shi?

Wani zai ce ina ruwanmu da rigimar Turawa. Akwai ruwanmu ƙwarai. Tunda matsakaici ake dubawa, duk motar lantarki guda da aka kumbura wa maki ta riƙa buɗe wa kamfani ƙofar sayar da manyan motoci masu zuƙar mai ba tare da tara ba. A ce kamfani ya sayar da motoci tara masu yin mil 25, da ta lantarki guda. Idan aka ba ta 36, matsakaicinsa bai kai 26 ba. Idan aka ba ta 240, ya haura 27, alhali ko ƙusa bai canza ba a injin sauran taran. Waɗannan jibga-jibgan motoci, bayan sun tsufa a can, ina suke ƙarewa? A Apapa da Tin Can da Kwatano, mu ne muke sayensu tokumbo, mu ne muke bin layi da su a gidan mai. Su kansu masu rajin kare muhalli a Amurka sun gane haka, shi ya sa a 2021 suka kai ƙorafi a gyara lissafin. A Maris na 2024 ma'aikatar ta amince za ta janye ninkin sannu a hankali, adadin ya sauko zuwa wajen yunit 29 a motocin 2030. A 2025 wata kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan tsari, majalisarsu kuma a watan Yulin shekarar ta mayar da tarar CAFE ta koma sifili. Kun ga ke nan ma'aunin da siyasa ke miƙarwa ta lanƙwasa duk bayan zaɓe ba abin da za mu ɗora dukiyarmu a kansa ba ne.

Na san akwai masu cewa ni maƙiyin ci gaba ne, ko kuma dillalin 'yan bumburutu. Ko kusa. Injin fetur ɓarnatacce ne, fiye da kashi 70 cikin 100 na man da aka zuba masa zafi yake zama. Motar lantarki ba ta hayaƙi a cunkoson gadar Third Mainland, ba ta buƙatar juyen baƙin mai. A ƙasa irin Norway da kusan duk wutarta daga ruwa take, babu ja a kan fifikonta. Mu ma yawancin wutarmu daga gas take, kamar tashar Egbin kusa da Ikorodu, sauran daga madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, kuma wanda ya kafa sola a rufin gidansa ya huta. Abin da nake ƙi shi ne a ɓoye inda wutar ta fito.

Mu yi lissafin namu na gida. Waccan Leaf tana cin wajen yunit 21 a kilomita 100. A kuɗin wuta na 'yan rukunin Band A da aka sanar a Afrilun 2024, naira 225 kowane yunit, tafiyar ta kama kimanin naira 4,700. Ƙaramar motar fetur mai shan lita 8 a wannan nisa, mu ce lita naira 1,000 don sauƙin lissafi, ta ci naira 8,000. A nan lantarki ta yi nasara. Amma mu nawa ne muke samun awa 20 na wuta a Agege ko Idi-Araba ko Sabo? Idan aka ɗauke wuta ka koma kan janareton fetur, mu ce yana mayar da kashi 20 cikin 100 na man zuwa wuta, lita guda ba za ta ba ka cikakken yunit 2 ba. Ke nan wajen lita 12 za ka ƙona kafin ka yi cajin kilomita 100. Motar da aka rubuta wa 99 a gilashi ta koma ta fi ta fetur ɗin shan mai, ga ƙara, ga hayaƙi a tsakar gida. An gudu ba a tsira ba.

Saboda haka kirana ga hukumomin da ke tsara harkar motoci a ƙasar nan shi ne, ranar da za su yi dokar shan mai ko rangwamen kwastan ga motocin lantarki, kada su kwafo MPGe su liƙa mana. A rubuta yunit nawa mota ke ci a kilomita 100, a rubuta lita nawa ta fetur ke sha a kilomita 100, a bar kowa ya ninka da farashin unguwarsu. In gwamnati na son ta ba motar lantarki tallafi, ta fito fili ta ce tallafi ne, ta faɗi adadinsa, amma kada ta cusa shi a gindin mudu.

Ku kuma 'yan uwa, musamman masu haɗa jarin shekaru don sayen mota ko Keke mai batir na haya, kafin ku miƙa kuɗi ku tambayi dillali abu uku: yunit nawa take ci, a ina za a riƙa yi mata caji, kuma nawa ne sabon batir idan wannan ya mutu. In ya fara karanto muku lambar gilashi, ku ce masa ku ma 'yan kasuwa ne, ya kawo mudun gaskiya.

Allah Ya ba mu sa'a a neman halaliyarmu, Ya tsare mu daga asara. Wassalam.