Malamin da zai koyar a Adar ya fara sanin Adar

Jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010, tana ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa. Tana da tsangayar ilimin koyarwa, garin kuma na da makarantar horon malamai ta Kaocen. Saura a tabbatar malamin tarihi da labarin ƙasa da zai fito daga can ya san yankin da za a tura shi.

Darussan suna nan a ƙofar gida. A kwarin Majiya da ke gundumar Buza, a 1975 aka fara dasa layukan itatuwa don kare gonaki daga iska. A Keita, shirin da Italiya da FAO suka fara a 1984 ya farfaɗo da filayen da zaizaya ta cinye. A Madawa, noman albasa da cinikinta zuwa Najeriya darasi ne na tattalin arziki.

Ya kamata a wajabta wa ɗalibin malanta zango guda na gwajin koyarwa a ƙauyukan nan kafin ya karɓi takardar kammalawa. A kuma horar da shi bayani da Hausa, tunda kundin 2025 ya mai da ita harshen ƙasa.

'Yan ci-rani na Abijan da Libiya da ke gina ajujuwa a garuruwansu su haɗa da ɗakin kwanan malami. Aji ba malami kango ne.