Sabon filin jirgi, tsohon ciniki: Wa ke da sunan da ke jikin kofin gahawa?

Duk wanda ya saba tashi daga Kano ko Abuja zuwa Dubai, Mumbai ko Guangzhou ta jirgin Habasha ya san zaman jira a filin jirgin sama na Bole da ke Addis Ababa. Ni kaina na san filin tun kafin a faɗaɗa shi, na kuma sha ratsawa ta cikinsa bayan an gama aikin. A watan Janairun 2019 ne Firayim Minista Abiy Ahmed ya buɗe sabon ɓangaren, wanda ya ɗaga adadin fasinjojin da filin zai iya ɗauka daga kimanin miliyan 7 zuwa miliyan 22 a shekara. Aikin ya ci sama da dala miliyan 300, bankin Exim na China ne ya ba da rance, kamfanin China kuma ya yi ginin. Tun fentin bai gama dusashewa ba, sai ga Habashawa sun ɗauko aikin wani sabon fili a Bishoftu, kudu maso gabashin babban birnin, wanda aka tsara zai ɗauki fasinjoji sama da miliyan 100 a shekara idan an kammala shi baki ɗaya.

Jama'a kan yaba gilashi da matakala mai tafiya da kanta da sanyin ɗakin jira, kuma ba laifi ba ne. Amma ni abin da ya fi jan hankalina a irin waɗannan sababbin filaye, ko a Addis Ababa ne ko Istanbul ko Jidda, shi ne shaguna, musamman na abinci da na gahawa. A ganina a nan ne ake yanke hukuncin wanda zai ci moriyar ginin da talakan ƙasa zai biya bashinsa.

Bari in yi bayani. Filin jirgi yana samun kuɗi ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce abin da kamfanonin jirage ke biya na sauka da ajiye jirgi, da harajin da ake ɗora wa fasinja a cikin tikiti. Ta biyu kuwa ita ce hayar shaguna, da wurin ajiye motoci, da tallace-tallace, da otal. A lissafin duniya baki ɗaya, wannan ƙofa ta biyu tana kawo fiye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigar filayen jiragen sama. Ita ce kuma ta fi sauƙin faɗaɗawa, domin idan ka tsawwala wa kamfanonin jirage kuɗin sauka, sai su karkata zuwa filin maƙwabcinka. Shi ya sa duk filin da aka yi wa kwaskwarima da kuɗin rance, za ka tarar da zarar an gama bincikenka sai hanya ta bi da kai ta tsakiyar kantin turare da alewa, ta yi ta lanƙwasa kafin ta kai ka ƙofar shiga jirgi. Ruwa ba ya tsami banza. Mai zanen ginin ya san kana da awa biyu ko uku da ba ka da abin yi, ga shi ba ka da wata kasuwa da za ka je neman sauƙi.

To wa ke samun waɗannan shaguna? A mafi yawan manyan filaye ba a ba da su ɗaya bayan ɗaya. Ana haɗa su ne a dunƙule a ba wani babban kamfani da sana'arsa ke nan, irin su SSP na Ingila, ko Lagardère na Faransa, ko Avolta na Suwizalan wanda aka samar a 2023 bayan haɗewar Dufry da Autogrill. Sharaɗin da aka saba gindayawa shi ne, kamfani ya yi alkawarin wani adadin kuɗi da zai biya duk shekara ko an yi ciniki ko ba a yi ba, sannan ya ba da wani kaso na cinikin idan ya haura hakan. Mai karatu ya auna da kansa, wane mai shayi ko mai gidan abinci na cikin gari ne zai iya sa hannu a irin wannan takarda? Shi kuwa babban kamfanin da ya ɗauki wannan nauyi ba zai yi caca da sunan da matafiyi bai sani ba, sai ya ɗauko Starbucks ko Costa ko Burger King, ya riƙa biyan masu sunan ladan amfani da shi daga kowane kofi da kowane faranti. Ma'aikata 'yan ƙasa ne, madara da ruwa da wutar lantarki na ƙasa ne, amma ladan suna yana ficewa da kuɗin waje.

Babu inda wannan magana ta fi ɗaure kai kamar Habasha, domin ita ce mahaifar gahawa. Ita ce kan gaba a Afirka wajen noma ta, kuma kusan rabin abin da take nomawa a gida ake shanye shi. Na taɓa kwana a Addis Ababa ina jiran jirgin safe, aka gayyace mu shan buna, kamar yadda suke kiran ta. Wata baiwar Allah ta soya ɗanyen ƙwayar a gabanmu, ta zagaya da hayaƙin kowa ya shaƙa, ta daka a ɗan turmi, ta dafa a tulun yumɓu mai dogon wuya da suke kira jebena, ga turaren lubban yana tashi, ga gugguru a faranti. Zagaye uku ake sha, na ƙarshe sunansa baraka, kalmar da ba ta buƙatar tafinta a kunnen Bahaushe. Mutanen da suka mai da shan gahawa haka, wa zai koya musu sayar da ita?

Duk da haka sai da suka yi shari'ar neman mallakar sunansu. A 2005 gwamnatin Habasha ta nemi hukumar rajistar alamun kasuwanci ta Amurka ta yi mata rajistar sunayen yankuna uku da gahawarsu ta yi fice, wato Sidamo da Harar da Yirgacheffe. Sai aka tarar Starbucks ya riga ya shigar da tasa buƙatar a kan wani suna mai ɗauke da kalmar Sidamo tun 2004. Daga baya ƙungiyar 'yan kasuwar gahawa ta Amurka ta nuna adawa da buƙatar Habasha. A 2006 ƙungiyar Oxfam ta shiga maganar, ta zargi Starbucks da hannu a wannan adawa, ta kuma ƙiyasta cewa mallakar sunayen za ta iya ƙara wa Habasha kimanin dala miliyan 88 a shekara. Kamfanin ya musanta zargin, ya ce shi shawararsa ita ce a bi tsarin shaidar asalin yanki, irin wanda Turawa ke kare cukunsu da shi. Habashawa suka ce ba za su iya bin diddigin buhunan miliyoyin ƙananan manoma da ke warwatse a tsaunuka ba. An sasanta a watan Yunin 2007, Starbucks ya amince cewa sunayen na Habasha ne.

Abin lura a nan shi ne, Habasha ba ta nemi a biya ta ko kwabo na lada ba. Abin da ta nema shi ne duk mai sayar da wannan gahawa ya karɓi lasisi daga hannunta, ya kuma tallata ta da sunanta na asali, domin mai saye ya san abin da yake nema, farashi ya tashi tun daga gona. Ba zan ce manomin Sidamo ya yi arziki daga wannan ba. Har yanzu mafi yawan gahawar ɗanya take fita, a soya ta a wata ƙasa, a zuba a ƙunshi mai kyalli a can. Suwizalan da ba ta da bishiyar gahawa ko ɗaya tana cikin ƙasashen da suka fi samun kuɗi daga fitar da ita. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma dai an kafa hujja cewa suna dukiya ne, kuma matalauciyar ƙasa na iya riƙe nata.

A cikin gida kuwa, shekaru da dama dokar Habasha ta hana baƙi cinikin sari da na kiri, abin da ya ba 'yan ƙasa sararin kafa nasu. Tomoca yana nan tun 1953. Kaldi's, wanda Tseday Asrat ta buɗe a 2004 da koren tambari mai kama da na Starbucks, ya yaɗu a birnin. Sai a 2018 Pizza Hut ya shiga Addis Ababa, aka yi ta ba da labarin a matsayin abin mamaki. To amma wannan katanga ta fara rushewa. A 2024 gwamnati ta buɗe wa baƙi ƙofar cinikin sari da kiri da shigo da kaya, har ma da fitar da ɗanyar gahawa, a shekarar da ta saki darajar kuɗinta, bir, kasuwa ta yi halinta. Saboda haka lokacin da za a raba shagunan Bishoftu, Tomoca da Kaldi's za su zauna teburi ɗaya ne da kamfanonin da jarinsu ya ninka nasu sau ɗaruruwa, a gaban mai filin da ke da bashin dala a wuyansa.

Akwai ƙasar da ta riga ta gwada wata hanya, wato Kolombiya. Ƙungiyar manoman gahawarta, wadda aka kafa tun 1927, ta ƙirƙiro wani manomi na talla mai gashin baki da alfadari, ta sa masa suna Juan Valdez. Da farashin gahawa ya faɗi warwas a 2001, manoman suka ga cewa kuɗin yana cikin kofi ne ba cikin buhu ba, sai suka kafa kamfanin shagunan shan gahawa da wannan suna. Shago na farko da suka buɗe, a watan Disambar 2002, a filin jirgin sama na El Dorado da ke Bogota suka buɗe shi. Ba su zaɓi wurin da ka ba: nan ne baƙo mai dala yake zaune ba shi da abin yi, kuma ɗanɗanon da ya tafi da shi zai neme shi idan ya koma gida. Yau shagunan sun kai ɗaruruwa a ciki da wajen ƙasar, ladan sunan kuma yana shiga asusun manoma. Ko da Starbucks ya iso Bogota a 2014, ya tarar da mai gida a zaune.

Kada a ɗauka ina kiran a kori baƙin kamfanoni ne. Matafiyin da ya sauka a ƙasar da bai san abincinta ba, ga dogon jirgi a gabansa, yana da hujjar neman abin da cikinsa ya sani. Waɗannan kamfanoni kuma sun koya wa mutane da yawa tsabta da awo da saurin sallamar mai saye. Hasali ma cutar da su ba ta tsayawa a kansu: lokacin da ƙaurace wa Starbucks saboda yaƙin Gaza ya yi tsanani, kamfanin Alshaya na Kuwait, mai riƙe da lasisinsa a Gabas ta Tsakiya, ya sallami ma'aikata kusan 2,000 a watan Maris na 2024, kuma ba Amurkawa ba ne suka rasa abinci. Abin da nake cewa shi ne a bar ɗan gida ya tsaya kusa da baƙo a wuri mai kyau, ba a lungun bayan makewayi ba. Alhazanmu shaida ne cewa ɗan gida na iya yin galaba: wa bai ga layin masu jiran kazar Albaik ba, wadda aka fara soyawa a Jidda a 1974, alhali ga shagunan Amurkawa a gefe?

Mu ma nan wannan magana ba baƙuwa ba ce. Ɗaruruwan shekaru majemanmu na Kano da Sakkwato suna jeme fatar jar akuya, fatake su ƙetare Sahara da ita, ta isa Turai da sunan fatar Maroko. Aikin namu, sunan na wani. A 2013 Najeriya ta karɓi rancen dala miliyan 500 daga wannan banki na Exim don gina sababbin ɓangarori a filayen Abuja da Legas da Fatakwal da na Malam Aminu Kano, a 2025 kuma Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da naira biliyan 712 don sake gina tsohon ɓangaren filin Murtala Muhammed. Muhawarar da aka yi duk a kan tsadar kwangila ta tsaya. Ni kuwa takardar da nake so 'yan majalisarmu su nema a karanta musu ita ce ta hayar shaguna: shekara nawa za a ba da su, nawa ne mafi ƙarancin abin da ɗan haya zai biya, da naira ne ko da dala, kuma shago nawa aka ware wa mai kilishi da mai fura da nono da mai ganyen shayin Mambila.